Ɗan da Aka Mayar Sandar Dukan Maƙwabci

A hutun daminar da ta gabata, wani dare da kuran ya ɗauke a unguwarmu ta Zariya, na shigo gida bayan sallar isha na tarar da yara sun haɗa kai a kan tabarma ɗaya, suna kallon salular ɗan ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma yake zaune a wurina. Zane mai motsi suke kallo, irin wanda yaranmu na Maraɗi ke kira desan anime, ƴan'uwanmu na ƙetaren Ɗan Isa kuma ke ce wa katun, mutanen cikinsa rawaya ne masu manyan idanu, an sa musu murya da Faransanci. Na karɓi salular da niyyar yin faɗa, domin a wannan makon ma na ji wani malami a wa'azinsa yana lissafa irin waɗannan zane-zane cikin abubuwan da ke zubar da girman uba a idon ɗansa, kuma na yarda da shi. Sai dai na ga bai dace in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, saboda haka na sallami ƙananan su je su kwanta, na ce wa saurayin ya mayar mini da shi farko. Minti 22 muka yi muna kallo, kuma da aka gama na kasa yin faɗan da na shirya, domin magidancin da aka zana yana wauta a ciki ya aikata abin da ni kaina na aikata ƴan watanni kafin wannan dare.

Shirin shi ne The Simpsons, wanda wani mai zane Ba'amurke, Matt Groening, ya ƙirƙiro, aka fara nuna shi a matsayin cikakken shiri a tashar Fox ranar 17 ga Disamba, 1989, kuma har yau ana yin sa, kashi-kashinsa sun haura 750. Labarin wani magidanci ne mai suna Homer, ma'aikacin tashar lantarki ta nukiliya a wani ƙagaggen gari da ake kira Springfield, da matarsa Marge da ƴaƴansu uku. Homer mutum ne mai kwaɗayi da ƙyuya da saurin fushi, yana ƙaunar iyalinsa amma bai iya riƙon ƙaunar ba. Shinge ɗaya ya raba gidansa da na Ned Flanders, Kirista mai riƙo da addininsa, mai sakin fuska, wanda gidansa ke zaune lafiya, kuma wannan zaman lafiyar ne Homer ya kasa haɗiyewa.

Kashin da muka kalla tsoho ne, na shida a zango na biyu, wanda aka fara nunawa ranar 15 ga Nuwamba, 1990. Ned ya gayyaci Homer cikin gidansa don su ɗan huta, ya shigar da shi wani ɗaki da ya ƙawata, matarsa ta kawo musu abin taɓawa, sai ga ɗansa Todd ya shigo yana gode wa mahaifinsa cikin ladabi saboda taimakon da ya yi masa a aikin makaranta. Babu wanda ya zagi Homer, babu wanda ya yi masa gori, amma sai ya tashi a fusace yana cewa an kira shi ne domin a nuna masa an fi shi gida, an fi shi iyali. Ned ya ji zafi ya ce masa ya fita, daga baya abin ya dame shi har barci ya gagare shi, ya nemi shawarar limamin cocinsu, ya rubuta takardar ban haƙuri, Homer kuma ya karanta ta a gaban iyalinsa yana mayar da ita abin dariya. Daga nan aka sa wata gasa ta yara, irin wasan nan da ake tura ƴar ƙwallo da sanda zuwa cikin rami, kyautar wanda ya zo na ɗaya dala 50 ta Amurka. Bart ɗan Homer ya shiga, Todd ma ya shiga, iyayen biyu kuma suka ƙulla sharaɗi a rubuce cewa uban yaron da bai ci gasar ba zai yanke ciyawar ƙofar gidan maƙwabcinsa sanye da rigar matarsa ta zuwa coci.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Homer ya shirya ɗansa. Ya ba shi hoton Todd, ya umarce shi da ya riƙa zura masa ido kullum yana tuna irin ƙin da yake yi masa, alhali yaron ba ya ƙin Todd, ba su taɓa samun saɓani ba, ƴaƴan maƙwabta ne kawai. Ƙanwarsa Lisa ce ta ga halin da yake ciki, ta kai shi ɗakin karatu, ta koya masa natsuwa da lissafin kusurwa har ya gwanance. Ranar gasa yaran biyu suka kai ramin ƙarshe suna kunnen doki, hannu na rawa, kowanne yana jin idon ubansa a ƙeyarsa, sai suka dubi juna suka yarda a tashi babu wanda ya ci, suka raba kuɗin biyu. Ned ya yi murna ya ɗauka sharaɗi ya faɗi, Homer kuwa ya kafe a kan cewa tun da Todd bai ci ba dole ubansa ya sa rigar, ko da hakan na nufin shi ma sai ya sa tasa, tun da nasa ɗan ma bai ci ba. Ya gwammace ya tozarta a gaban unguwa muddin maƙwabcinsa zai tozarta tare da shi.

Kafin in ci gaba, dole in ba malamin nan gaskiyarsa, domin yana da ita. Wannan shiri ba na yara ba ne, kuma masu yin sa ba su taɓa cewa na yara ne ba, tun farko da dare ake nuna shi, lokacin da manya ke zaune gaban talabijin. Akwai giya a cikinsa, akwai yaro mai mayar wa ubansa magana, akwai uban da ke shaƙe wuyan ɗansa a matsayin abin dariya, akwai kalaman da ba za ka so ƴarka mai shekara tara ta maimaita a gaban kakarta ba. Su kansu Amurkawa sun yi ta jayayya a kansa. A 1990 wasu makarantunsu sun hana ɗalibai sa riguna masu hoton Bart, a 1992 kuma shugaban ƙasarsu na lokacin, George Bush babba, ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ya son iyalan Amurka su yi kama da iyalin Simpson. Kuskuren da muke yi a nan shi ne, duk abin da aka zana muna ɗaukar sa wasan yara, sai uwa ta miƙa wa ɗanta salula ta shiga madafa hankalinta kwance saboda ta hango zane ne, alhali a cikin zanen akwai wanda ya fi fim ɗin mutane muni. Na sa ɗan ƙanena ya daina kunna shi a gaban ƙananan yara, kuma har gobe ina kan wannan hukunci.

Inda na rabu da malamin shi ne cewarsa dariya ga maigida baƙon abu ne da aka shigo mana da shi. Duk wanda ya taso yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" ya san Gizo mijin Ƙoƙi, magidanci mai tsamin baki da kwaɗayi, wanda zai ɓoye abinci ya ci shi kaɗai, ya ƙulla dabara ta juye a kansa, mu yi ta dariya har a ce ƙurunƙus. Mun girma muna kallon wasannin Yazi Dogo a Télé Sahel, daga baya muka kalli marigayi Rabilu Musa Ibro, kuma sau nawa abin dariyar ya kasance maigida ne marowaci ko mai fariya ko mai tsoron matarsa? Babu ɗayanmu da ya koma gida ya raina mahaifinsa saboda Gizo. Bambancin da nake gani shi ne, tatsuniya daga bakin kaka take fitowa, ita kuwa ta san yaron da ke gabanta, ta san inda za ta taƙaita da inda za ta tsaya ta ce kun ga abin da kwaɗayi ke jawowa, salula kuwa ba ta san wanda ke riƙe da ita ba. Saboda haka abin da ya ɓace mana babba ne a gefen tabarma, kuma hana kallo kaɗai ba zai dawo da shi ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce batun me yara za su kalla. Wannan kashi da manya yake magana, kuma laifin da ya tona yana nan da ransa a unguwannin Maraɗi. Maƙwabcina tela ne, shekara goma sha huɗu muna katanga ɗaya, kuma ɗansa da yaron wajena na fari tare suka yi rarrafe, tare aka kai su makarantar allo, tare suka shiga lakwal, kwano ɗaya suke ci a duk gidan da azahar ta riske su. A bara da aka raba takardun sakamako a kwalejinsu, ɗan telan ya zo na ɗaya, nawa ya zo na goma sha ɗaya. Ni ɗan kasuwa ne, Allah ya rufa mini asiri, ina biyan malamin da ke zuwa gida yana yi wa yaron ƙarin darasi, maƙwabcina kuwa ba shi da halin haka. Da na riƙe takardar a hannuna, ba goma sha ɗayan ce ta ƙona mini rai ba, domin yaron ya taɓa yin ƙasa da haka ban ce komai ba. Abin da ya ƙona ni shi ne wanda ya zo na ɗayan. Na ce wa yaron wajena, a gaban ƙannensa, ɗan tela ya wuce ka duk da kuɗin da nake zubawa, kada in ƙara ganin ka da shi sai ranar da ka wuce shi. Ban ba shi hoto ya zura wa ido ba, amma abin da na yi da abin da Homer ya yi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: ina da ciwo a zuciyata game da wani magidanci, na rasa yadda zan faɗa masa, sai na ɗora wa yaro ya je ya rama mini.

Iyayenmu suna da maganin wannan cuta, kuma sunansa alkunya. Bahaushe na da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukar sa a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ko wata gwaggo ake ba riƙonsa, kuma idan aka yabi yaron a gabansa sai ya sunkuyar da kai ko ya kawar da zancen. Idan ɗansa ya yi faɗa da ɗan maƙwabci, nasa zai fara tsawatar wa tun kafin ya ji ba'asi, maƙwabcin ma ya fito yana tsawatar wa nasa, sai ka ga manya biyu kowanne yana kare ɗan ɗan'uwansa, faɗan ya mutu a nan. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin taurin zuciyar mutanen da, kuma ba zan musa cewa akwai yaran da suka girma ba su taɓa jin kalmar yabo daga bakin mahaifinsu ba, wasu kuma sun sha duka a kan laifin da ba su yi ba don kawai a yi wa maƙwabci kara. Wannan ɓangaren ba na kewarsa. Amma yanzu na fahimci aikin da al'adar ke yi. Uban da ba ya iya kiran sunan ɗansa a majalisa ba zai iya yin fariya da shi ba, wanda ba ya fariya da ɗansa kuwa ba ya jin an ci shi da yaƙi idan ɗan wani ya yi fice. Da haka ne karin maganar nan ta "ɗa na kowa ne" ta sami wurin zama, domin ba za ka bari maƙwabci ya tsawatar wa ɗanka ba matuƙar kana kallon sa a matsayin abokin hamayya.

Yau mun yar da alkunyar gaba ɗaya, ba mu kuma sami abin da zai maye gurbinta ba. Ranar da sakamakon BEPC ko na bakaloriya ya fito, duba WhatsApp ɗin magidantan unguwarku, za ka ga hoton yaro da makinsa, a sama an rubuta godiya ga Allah, amma kowa ya san gidan da ake so saƙon ya isa. Makarantar kuɗi da aka sa yaro ta zama abin ambato a wurin ɗaurin aure. Har abin da ya kamata ya fi komai tsarkin niyya bai tsira ba, domin walimar saukar Alƙur'ani ta koma wurin auna wanda ya fi tara jama'a, kuma na ga uban da ya ƙi yi wa ɗansa magana kwana da kwanaki saboda ɗan layinsu ya kayar da shi a musabaƙa. Ragon layya ma a ƙofar gida ake ɗaure shi tun saura mako guda, yara su riƙa bi gida-gida suna gwada ƙaho, su dawo su faɗa wa uban da bai samu ba abin da suka gano. Allah Maɗaukaki ya riga ya ambaci wannan hali a Suratul Hadid, aya ta 20, inda ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala da ado da alfahari a tsakaninku da gasar yawan dukiya da ƴaƴa. Muna karanta ayar, muna tuna dukiyar, mu tsallake ƴaƴan.

Ginin garin ma ya taimaka. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin da ke cikin gulbi, aka dawo da Maraɗi kan tudu, mutane sun taso da unguwanninsu da zamansu, shi ya sa har yau a Bagalam ko Mokoyo ko Limanci za ka sami layin da kowa ya san kakan kowa. A can zaure ne fuskar gida, magidanta su fito da kwanoninsu bayan magariba a yi ciyayya, mai miyar nama da mai miyar kuka su sa hannu a kwano ɗaya, yaran da ke kai kwanonin kuma suna gani da idonsu cewa iyayensu ba abokan gaba ba ne. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura dubu 260, sababbin unguwanni irin tamu sun yi ta miƙewa, kowa ya sayi fili kusa da wanda bai sani ba, ya ja katanga mai tsawo, ya sa ƙofar ƙarfe. Abin da ka sani game da maƙwabcinka ya koma abin da kake hangowa daga waje, wato motarsa da fentin gidansa da rigar makarantar ƴaƴansa, kuma babu abincin da hassada ke so kamar wannan. Ba ka san bashin da ke kansa ba, ba ka san ciwon da matarsa ke fama da shi ba. Daga nan ne faɗan yara biyu a kan ƙwallo ke ƙarewa a ofishin ƴan sanda, manya biyu masu furfura suna nuna wa juna yatsa.

Akwai darasi kuma ga wanda Allah ya ɗaukaka, domin Ned na cikin shirin bai yi niyyar cutar da kowa ba, amma bai lura da abin da idon baƙonsa ke gani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma ya umarci Abu Zarri da cewa idan ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabtansa. Ni ina ganin hikimar ƙara ruwan ta shafi ƴaƴa kamar yadda ta shafi tukunya. Da na ce wa malamin da nake biya ya haɗa yaran biyu a tabarma ɗaya, da kuɗin bai ƙaru da ko dala ba, da kuma nasarar ɗan telan ta zama tamu duka.

Na san abin da abokaina na kasuwa za su ce, domin sun riga sun faɗa mini. Za su ce Maraɗi da gasa aka gina ta, alhazan garin nan ba da kwanciya suka tara abin da suka tara ba, kuma yaron da ba a zaburar da shi da ɗan wani ba zai tashi malalaci. Za su kawo misalin kokawa, su tuna mini cewa Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobi na farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma da ba ya son ya fi kowa da bai ɗauka ba. Ban ƙi gasa ba, kuma ina son ɗana ya yi kishin karatu. Amma ɗan kokawa da ƙafarsa yake shiga fili, ƙarfinsa yake gwadawa, idan ya faɗi bayansa ne ya taɓa ƙasa, kuma sau da yawa za ka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar su rungumi juna. Abin da na yi wa ɗana daban ne, domin kokawar tawa ce da maƙwabcina, na tsaya a bakin fili na tura yaro. Yaron da aka zaburar ta wannan hanya bai koyi son ilimi ba, ya koyi cewa ƙaunar mahaifinsa tana rataye da faɗuwar abokinsa, kuma duk ranar da ya ji abokin ya yi rashin lafiya ana gab da jarrabawa, wani sashe na zuciyarsa zai yi murna. Ban san wata riba ta maki da za ta biya wannan ɓarna ba.

Su ƴan kasuwar da ke wannan magana sun fi kowa sanin darajar abin da muke rushewa. Kasuwancin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano a kan amana ya daɗe yana tafiya, a ba mutum kaya na miliyoyi ba takarda ba shaida, saboda an san shi tun yana yaro, an san gidansu. Abokin yarinta shi ne babban abokin ango, shi ake aika wa neman sulhu idan mata ta yi yaji, shi ke tsayawa a kan marayu idan ta Allah ta kasance. Wannan jari ne da uba ba zai iya saya wa ɗansa ba ko nawa ya mallaka, iyakarsa ya bar shi ya tsiro. A cikin shirin nan yaran ne suka fi iyayensu hankali, suka ajiye sandunansu, amma a rayuwa ta gaske ɗan Bahaushe mai tarbiyya ba zai saɓa wa umarnin mahaifinsa ba, kuma wannan biyayyar da muke alfahari da ita ita ce ke sa laifinmu ya fi na Homer nauyi. Nawa yaron bai yi gardama ba, ya ce to Baba, ya daina zuwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne sai da wasu mutane a Amurka suka zana wannan labari tun a 1990, aka juya shi zuwa Faransanci, sannan ya iso ni a salular ɗalibi, alhali ƙasar nan tana cikin na farko a Afirka da suka yi zane mai motsi. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015 bayan ya daɗe zaune a Tawa, tun a 1966 ya yi fim da zanen kwaɗi yana yi wa shugabanni masu son girma hannunka mai sanda, daga baya kuma ya yi wani a kan kokawa da ƴan tsana na dabbobi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, amma yaron Maraɗi da ke son kallon zane sai dai ya kalli gidan da ba shi da zaure, da uban da ba ya zuwa masallaci, da harshen da kakarsa ba ta ji balle ta sa baki. Muna da samarin da suka iya kwamfuta, muna da masu barkwanci, kuma masu fassara fina-finan Indiya sun riga sun nuna cewa duk abin da aka sa wa muryar Hausa yana da kasuwa. Da gidajen talabijin namu da attajiran garin nan za su ɗauki nauyin shiri ko na minti goma a mako, a zana maigida da maƙwabcinsa da ragon layyarsu da takardar sakamakon ƴaƴansu, da iyaye da yara sun zauna tabarma ɗaya sun kalla, kuma da magidanta da yawa sun ga kansu kamar yadda na ga kaina. Kafin a kai ga haka, ina roƙon masu tura fina-finai a kati a bakin kasuwa da tashoshin mota su riƙa ware zanen manya daga na yara, su tambayi mai saye wa zai kalla, domin su ne ƙofar da yawancin waɗannan abubuwa ke bi su shiga gidajenmu.

Washegarin wannan dare, bayan sallar asuba, na tsayar da maƙwabcina a ƙofar masallaci na ce, Malam, na zo neman gafara ne, ni na hana yaron nan shiga gidanka, na kuma faɗa masa dalili ban ɓoye komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, haba Alhaji, ai na gane tun tuni, ban dai so in sa ka jin nauyi ba ne, mai ɗakina ce ma ta fi damuwa, har yanzu idan ta zuba abinci takan tambaya ko zai shigo. Tsakanina da shi magana ta wuce a nan, mun koma gaisawa da zama kamar da. Na yara ne ya gagara. Na janye umarnina, na riƙa aiken yaron da kwano zuwa gidan, yana kaiwa ya gaishe su ya juyo. Suna gaisawa da ɗan telan idan sun haɗu, amma wata biyar na rabuwa a wannan shekaru ba kaɗan ba ne, kowannensu ya riga ya sami waɗanda yake tafiya da su. Nawa yanzu a wata fada yake zama can wajen Ali Ɗan Sofo, tare da samarin da ban san iyayensu ba, kuma idan ya yi dare ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa in tambaya.